Tambayi Likita: Ƙurji a Harshe, Wanne Ake Yi wa Haƙuri, Wanne Ake Kai wa Asibiti?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukkansu a kan harshe. Na taƙaita su saboda fili, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31, 'ya'yana uku, ina shayar da na ƙarshen. Shekaranjiya wani ɗan ƙurji ya fito mini a tsinin harshe, yana zafi ko ruwa na kurɓa. Da na haska bakina da fitilar waya a gaban madubi, sai na hango wasu manyan ƙuraje a jere can ciki kusa da maƙogwaro, hagu da dama. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Surukata ta ce basir ne ya hau sama, in jiƙa kanwa in riƙa ɗangwalawa. Don Allah, ciwon daji ne? (Wata uwargida daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, sa ranki a inuwa. Bari in fara da waɗanda suka hana ki barci, domin su ne ba su da komai.

Abin da kika hango can ciki halitta ce, da shi aka haife ki. Bayan harshen kowane ɗan'adam akwai wasu tudunni masu faɗin kai, yawanci tsakanin 8 zuwa 12, a jere da siffar harafin V, tsininsa yana kallon maƙogwaro. Kowanne yana da ɗan kwarmi zagaye da shi, kuma a jikin kwarmin ne ƙwayoyin ɗanɗano suke. Kin shekara 31 da su, ba ki dai taɓa zaro harshe haka da fitila a hannu ba. Alamar lafiyarsu ita ce wadda kika faɗa da bakinki: suna hagu suna dama daidai wa daida, launinsu ɗaya da sauran harshe, ba sa zafi, ba sa jini. Ki ce wa maigida ko babban yaronki ya zaro nasa ki haska, za ki same su a nan. Haka kuma a gefen harshe can baya akwai wasu 'yan layuka a tsaye masu ɗan ja, su ma halitta ce. Mutane da yawa sun zo wurina ido ya raina fata saboda waɗannan biyun, suka koma gida ba tare da ko ƙwayar magani ɗaya ba.

Shi kuma na tsinin harshen, ɗaya ne daga cikin ƙananan tsirran ɗanɗano ya kumbura. Girmansa ba ya wuce ƙwayar gero, amma zafinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, saboda jijiyoyin ji sun taru a wurin. Shayi ko koko mai zafi, cizon harshe garin sauri, yaji da attaruhu, tsamin tsamiya, abarba ko ɗanyen mangwaro, rashin barci, damuwa, lokacin al'ada, duk suna tayar da shi. Kwana biyu ko uku yake yi, in ya daɗe mako guda, ya tafi da kansa.

Ki sake dubawa. Idan ba tudu ba ne, ɗan rami ne mai fari ko rawaya a tsakiya da jan zobe a gefe, to gyambon baki ne na yau da kullum. Shi yana kai kwana 7 zuwa 14. Ba a ɗaukarsa, babu dalilin ware miki kofi ko cokali. Sai dai in yana yawan dawowa, wannan ya warke wancan ya fito, to ina so a auna jininki. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, da folik asid, da bitamin B12 suna kawo shi, kuma mace mai haihuwa kusa-kusa, ga shayarwa, tana cikin waɗanda na fi zargin hakan a kansu. Irin wannan ƙarancin yakan sa harshe ya yi sumul, ya yi ja, yana raɗaɗi da an ci abu mai yaji.

Maganar kanwa kuwa, ki gaishe mini da Hajiya, ki shaida mata cikin ladabi cewa likita ya ce a bari. Basir jijiyoyin jini ne da ke kumbura a dubura, ba su da hanyar da za su bi su iso harshe. Kanwa kuma tana ƙona fatar baki. Zafin yakan lafa na ɗan lokaci saboda wurin ya ƙone, washegari sai a tashi da farar fata tana saɓulewa, ƙurjin kwana uku ya zama gyambon mako biyu. Haka daka asfirin a ɗora, ko ɗiga turare, ko fasa kafso a barbaɗa. Shan kafso barkatai daga kemis ma ba ya taɓa irin wannan ƙurjin, illa ya kashe ƙwayoyin da ke tsare baki ya buɗe wa wata cutar ƙofa.

Ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki kurkure sau uku ko huɗu a rana, ki tofar. Ki rage yaji da tsami, ki bar abinci ya huce, ki sha farasitamol in zafin ya dame ki. Ki kuma rubuta ranar da ya fito. In ya cika mako biyu bai nuna alamar tafiya ba, ki je a duba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ne, shekarunsa 64, manomi. Ya fi shekara 30 yana ajiye taba gari a baki, a da kuma yana shan sigari. Wani gyambo ya fito masa a gefen harshe na hagu, yau wata biyu ke nan. Ba ya masa zafi sosai, shi ya sa ya ce babu inda za shi. Amma kwanan nan yana kukan kunnen hagu, tuwo yana ba shi wahala, kuma na shafa wata 'yar kaluluwa mai tauri a ƙasan muƙamuƙinsa. Wanzamin garinmu ya ce zai iya yanke shi. Me kake ba mu shawara? (Wani matashi daga Haɗeja)

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka lura da Baba har ka kai hannu ka shafa wuyansa. Wasiƙarka ce ta sa na ware filin nan gaba ɗaya ga harshe. Ba zan ɓoye maka ba: a kai su Baba asibiti a cikin makon nan, kada a jira kaka, kada a jira kasuwa ta ci, kuma kada aska ta kusanci wurin.

Babu likitan da zai sanya wa ciwo suna daga wasiƙa. Akwai abubuwa da dama da ke kawo gyambon da ya ƙi warkewa a gefen harshe. Wanda na fi gani shi ne karyayyen haƙori mai kaifi da ke gogar wuri ɗaya dare da rana. Da an goge kaifin ko an cire haƙorin, cikin mako biyu wurin ya rufe. Tarin fuka yakan fito da gyambo a harshe. Tunjere ma yana farawa da gyambo marar zafi, wanda ke ɓacewa da kansa cikin mako 3 zuwa 6 alhali cutar tana nan a jini, kuma allurar fenisilin tana maganinta. Akwai kuma ɗan tudun nama mai santsi da ke tsirowa inda mutum ya saba cizo, shi ba ya cutarwa. Ina roƙon Allah ya sa ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Amma dubi abubuwan da ka jera. Dattijo ne, ya daɗe da taba, gyambon yana gefen harshe, ya wuce mako uku da nisa, kunnen ɓangaren yana ciwo, ga kaluluwa mai tauri. A ƙa'idar aikinmu, irin wannan ana ɗaukarsa a matsayin ciwon daji har sai gwaji ya wanke shi. Gefen harshe da ƙasansa su ne wuraren da ciwon dajin baki ya fi kamawa, domin a nan yawu ke kwanciya da duk dafin da taba ta saki. Ciwon kunnen kuwa sau da yawa ba daga kunne yake ba: harshe da kunne suna tarayya a jijiyoyin ji, sai ciwon wancan ya bayyana a wannan. Mutane kan yi wata da watanni suna ɗiga maganin kunne, tushen abin yana cikin baki.

Hujjar da Baba ya kafa, cewa ba ya zafi, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ƙurjin da ya zo da sauri ya zo da zafi, kamar na 'yar'uwarmu ta Funtuwa, yawanci shi ne mai tafiya. Ciwon daji a farkonsa shiru yake zuwa, mutum yana cin tuwonsa yana zuwa gonarsa. Ranar da ya fara zafi sosai, ya riga ya yi saiwa. Shi ya sa ba ma auna hatsarin gyambon baki da zafinsa. Da daɗewarsa muke aunawa, da kuma yadda yake a hannu. Idan na sa safar hannu na taɓa gyambo na yau da kullum, laushi nake ji, marar lafiya ya zabura. Wanda nake tsoro kuwa, gefensa a ɗage yake, ƙasansa da tauri har cikin naman harshe, yana ɗan tsattsafo da jini, mai shi yana kallona ko gezau. Wani lokaci ma babu gyambo, sai wani farin tabo ko jan tabo da ba ya goguwa, ko wani ɓangaren harshe ya yi dundum, ko magana ta fara nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan 390,000 ne suka kamu da ciwon dajin baki da leɓe a duniya, kimanin 188,000 suka rasu. Abin da ke raba masu tsira da waɗanda ba su tsira ba, mafi yawa lokacin zuwa ne. A alƙaluman Amurka, cikin waɗanda aka gano ciwon yana harshe kaɗai, fiye da 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ya riga ya yi nisa a jiki, adadin ba ya kai rabi. Harshe tsoka ce mai yawan magudanai zuwa wuya, ciwon ba ya daɗewa bai tsallaka ba. Makonni suna da daraja a nan.

Inda za ku nufa shi ne sashen haƙori da tiyatar baki da muƙamuƙi, ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Daga Haɗeja, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin manyan da za ku iya zuwa. Masu karatu na wasu wuraren suna da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Ku fara da babban asibitin garinku ku karɓi takardar turawa, amma in aka ba ku kafso da ruwan kurkure baki aka ce ku dawo bayan wata guda, ka buɗe baki ka ce gyambon ya riga ya yi wata biyu, kana roƙon a tura ku gaba. Haƙƙinku ne.

A can za a ɗebi ɗan ƙaramin nama daga gefen gyambon a kai ɗakin gwaji. Na san abin da ake faɗa a gari, wai da ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya fantsama. Ba haka ba ne. Wannan magana ta samo asali ne daga waɗanda aka kai a makare, aka ɗebi naman, ciwon ya ci gaba da abin da dama yake yi, sai aka ɗora wa gwajin laifi. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, a yanki ɗan mitsitsi, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, a koma gida a ranar. Yankan wanzami daban ne. Harshe yana da manyan jijiyoyin jini, zubar jininsa ba ta tsayuwa da sauƙi, sannan abin da aka yanke a ƙasa za a binne shi, babu wanda zai san mene ne, saiwar kuma tana nan.

Saura shawo kan Baba, wanda na san shi ne babban aikin. Kada ka tunkare shi da sunan cutar, tunda mu ma ba mu tabbatar ba. Ka ce masa za a duba haƙorin da ke gogar harshen da kuma kunnen da ke damunsa, kuma gaskiya ka faɗa, za a duba su. In maganarka ta yi masa ƙanƙanta, ka bi ta wurin wanda yake jin nauyi, wansa ko amininsa ko limamin unguwa. Neman magani ba ya rage wa mutum tawakkali, kuma daga bakin sa'ansa zai fi karɓar wannan. Batun kuɗi ma ku zauna da 'yan'uwa tun yanzu. Ba zan ce maka abin ba ya cin kuɗi ba, amma aikin da ake yi wa ƙaramin gyambo bai kama ƙafar wanda ake yi bayan ya kama wuya ba.

Kafin ranar, a daina tabar gaba ɗaya. Mutanenmu suna ganin taba gari ta fi sigari sauƙi tunda babu hayaƙi, alhali ita a kan fatar bakin take kwana tana tsuma. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san tumbak, wadda bincike ya nuna tana cikin tabar da ta fi kowace yawan sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Sigari, shisha da giya duk layi ɗaya suke, in aka haɗa taba da giya hatsarin ya ninka. A kuma kula da cikinsa: kunun gyaɗa mai kauri, fura da nono da aka dama ta yi laushi, ƙwai, faten wake. Wanda ya je da ƙarfinsa ya fi jure magani. Ka ɗauki hoton gyambon da waya yau, ka tafi da duk magungunan da ya sha, har da na gargajiya. Ka rubuto mini yadda ta kasance, ina jira.

Tambaya: Likita, 'yata ce 'yar shekara biyu. Kwana uku tana zazzaɓi, ƙananan ƙuraje sun feso mata a harshe da dasashi, yawu na ta dalala, ta ƙi cin komai. Ga jaririna ɗan wata ɗaya, shi kuma harshensa ya yi fari fat, mun ɗauka nono ne ya kwanta. Ko ciwo ɗaya ne? (Wata uwa daga Damagaram)

Amsa: Sannu Maman yara, Allah ya ba su lafiya. Da alama ciwo biyu ne daban.

Na babbar ya yi kama da aikin ƙwayar bairos. Ki duba tafin hannunta, tafin ƙafa da mazaunai. In akwai ƙuraje a can, cutar hannu da ƙafa da baki ce, wadda ke yawo tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5, tana wucewa cikin kwana 7 zuwa 10. In kuwa dasashin ne ya kumbura ya yi ja yana jini, to kamuwar farko ce da ƙwayar da ke fito wa manya da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi, ita takan kai mako biyu. Dukansu ana ɗauka ta yawu. Don haka ki raba ta da jaririn: kada ta sumbace shi, kada a haɗa musu cokali ko tsumma, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi. Ƙwayar ta biyu tana da hatsari ƙwarai ga ɗan wata ɗaya. In jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko kika ga ƙurji mai ruwa a fatarsa, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.

Abin tsoro a wurin yarinyar ba ƙurajen ba ne, ƙishirwa ce. Ki bar batun tuwo, ki bi ta da ruwa kaɗan-kaɗan da cokali, mai sanyi ya fi shiga: ruwan gishiri da suga na leda, kunu da ya huce, kindirmo. Ki ba ta farasitamol na yara gwargwadon nauyinta, ki jira rabin awa zafin ya lafa, sannan ki gwada ba ta abinci. Ban da asfirin. Tunda zazzaɓin ya kwana uku, a kai ta a yi mata gwajin maleriya. In ta wuni ba ta yi fitsari ba, ko tana kuka babu hawaye, ko ta yi laƙwas, wannan na gaggawa ne.

Na jaririn, ki naɗe tsumma mai tsabta a yatsa ki shafa a hankali. Nono yana goguwa ya bar harshe lafiya. In ya ƙi fita, ko ya fita ya bar wurin ja, ko kuma akwai shi a cikin kunci, to kandida ce, wata cuta mai sa farin danƙo a baki, ana maganinta da ɗigon nistatin. A duba kan nononki ma, don kada ku riƙa mayar wa juna. Kada a shafa masa zuma. Ba a ba yaron da bai shekara ba. Baligi kuwa in ya ga irin wannan farin a bakinsa ba tare da dalili ba, ya auna suga ya kuma yi gwajin ƙanjamau.

Tunda daga yankinmu kike, dole in ambaci cutar noma mai cin baki da fuska. Ita a dasashi take farawa, ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko maleriya. Alamarta wari mai ƙarfi daga baki, dasashi na ruɓewa, kunci ya kumbura. Cikin kwanaki take cin fuska, amma in an kama ta da wuri magani yana tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Bayaninki bai nuna ita ba ce, amma in kika ji warin nan ko kika ga kunci ya tashi, kada ki kwana.

Akwai abu ɗaya da babu wanda ya tambaya, amma masu hawan jini suna da yawa a cikin masu karanta filin nan. Magunguna irin su lisinofiril da enalafiril sukan sa harshe ko leɓe ya kumbura farat ɗaya, babu ƙurji babu ƙaiƙayi, ko da mutum ya shekara yana shansu lafiya, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata. Wanda harshensa ya cika masa baki, murya ta canza, yawu ya ƙi haɗiyuwa ko numfashi ya fara wuya, a zaunar da shi a tsaye, kada a kwantar da shi, kada a ɗura masa komai. A wuce da shi sashen gaggawa tare da kwalin maganin, kuma kada ya sake shan ko ƙwaya ɗaya sai likita ya canza masa wani.